Dardumar Baturiya

Hure tana tsugune a tsakar gida tana kankare kaskon ƙosai lokacin da ɗiyarta Sakina ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da labari. Wata ƙungiya daga Yamai ta kawo tallafi ga 'yan ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare, waɗanda iyayensu ba su da hali. Duk wanda aka ɗauka za a ba shi littattafai da fitila mai aiki da hasken rana, a riƙa yi masa ƙarin darasi kowace la'asar har zuwa jarrabawar bak ta kammala sakandare, in ya ci kuma a kai shi jami'a a riƙe shi shekarar farko. Malamin lissafi, Mushe Issouf, kamar yadda suke kiran malamai da Faransanci, shi ya ba da sunan Sakina, don a ajinsu babu mai kama ƙafarta. Sai dai kafin a zaɓi kowa, za a turo wata mata ta zagaya gidajen yaran ta ga yadda suke zaune.

A duk wannan dogon bayani, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Hure. Ta ajiye kasko.

"Baƙuwa za mu yi ke nan. Yaushe?"

"Ran Alhamis. Amma Inna, mushe ya ce kada a canza komi. Yadda gida yake, haka suke son su gan shi."

"Mushen naku namiji ne, bai san zancen baƙi ba," in ji Hure. "Mace ta taso tun daga Yamai, in zaunar da ita bisa wagga tabarma?"

Hure irin matan nan ce da za su iya kwana da yunwa, amma ba za su fita da zane mara guga ba. Mijinta Jibrin ya tafi haƙar zinariya Tchibarakaten, can wajen iyakar Aljeriya, tun Sakina tana ƙaramin aji. Shekarar farko ya ɗan aiko da abin da ya samu. Daga baya ramin da suka haƙa shi da abokansa ya ƙi ba da komai, ya koma yana fasa wa wasu dutse don ya ci. Wannan duka Hure ta sani, amma duk wanda ya tambaye ta a unguwa amsa ɗaya take bayarwa, maigida yana lafiya, yana aikowa. Da safe tana suyar ƙosai a ƙofar gida, wannan kowa ya gani, ba abin kunya ba ne. Wankau kuwa sai ta tsallake rabin Agadas take zuwa yi, a wani gida da ba a san ko ita matar wa ce ba. Ta iya abinta ƙwarai, har wasu a unguwa suna cewa ƙosan nan don nishaɗi take yi.

Mutum ɗaya ce ba ta ruɗuwa, ita ce Baturiya, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su. Baturiya tana sayar da barguna da darduma da taliya da ake sauko mata da su daga arewa. Ta san komai na gidan Hure, ba ta kuma taɓa furtawa ba, kuma a kan wannan shirun ƙawancensu ya tsaya. Tana da wata babbar jar darduma mai furanni da ba ta sayarwa. Dardumar nan ta halarci kowane suna da kowane biki na unguwar, ta fi mai unguwa sanin cikin ɗakunan mutane.

Hure ta leƙa ta katanga ta ce za ta yi baƙuwa daga Yamai. Ba ta ƙara komai ba, Baturiya ma ba ta nemi ƙari ba. Kafin azahar ɗin Laraba darduma ta shigo, da matasai huɗu, da labule, da tale, wato talabijin, da aka lulluɓe da farin leshi. Ƙaramin firigon da Baturiya ke sanyaya ruwan sayarwa, su biyu suka jawo shi suna nishi suna dariya. Gidan Hure ba kuran, ba a jawo wutar lantarki ba, saboda haka aka tura wayar firigon ta baya aka jingina shi da bango. Tsohuwar tabarma ta koma bayan randa. Cocilar da Sakina ke haska karatu da ita, wadda aka ɗaure da roba don murfinta ya fashe, Hure ta jefa ta cikin akwati ta rufe.

Sakina ta tsaya bakin ƙofa tana kallo. Ranta ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ta, amma ba a yi mata tarbiyyar ja da uwa ba.

"Inna, don Allah. Tallahin na marasa hali ne."

"To mu mabarata ne?" Hure ta ce tana gyara labule. "Ke ɗauko mini kazar can baƙa, wadda ta daina ƙwai."

Kazar ba ta daina ƙwai ba. Ƙwanta Sakina ke ci ranar da suke da gwaji a aji.

Madam Ramata ta zo ran Alhamis da hantsi, a cikin farar mota. Mace ce mai sanyin murya, 'yar Damagaram da aiki ya kai Yamai. Ta cire takalmi ta taka darduma, ta ce masha Allah. Aka kawo shinkafa da kaza, aka kawo ruwa mai ƙanƙara da ya ƙetaro katanga minti kaɗan kafin ta iso, aka kawo shayi. Ta ci kaɗan, ta yi godiya, sannan ta yi bayani cewa ba ita ke zaɓe ba. Ita dai tana gani, ta ɗauki hoto da salula, ta ji ta bakin iyaye, ta aika wa manyanta a Yamai.

"Maigida fa, Inna?"

"Yana Tchibarakaten, wurin zinariya."

"Yana aikowa?"

"Alhamdu lillahi. Ba mu rasa komi ba."

Ramata ta dubi Sakina. Sakina ta kafe idonta a kan wani furen darduma, kamar a can aka rubuta darasin ranar. Ramata ta sake juyowa wajen uwar.

"Inna, in akwai matsala ki hwaɗa mini. Don wannan na zo. Ba mai ji sai mu."

Hure ta yi dariya, irin wadda take yi wa masu sayen ƙosai. "Wace matsala, ɗiyata? Asirinmu a ruhe yake. Ƙara nama."

Ramata ta ɗauki hotunanta. Da za ta tafi, Hure ta raka ta har mota, ta danƙa mata leda cike da dabinon Fachi da cuku, su ma daga hannun Baturiya suka fito. Da motar ta sha kwana, Hure ta ji daɗi har cikin ranta. Ta fita kunyar baƙuwa, ta fitar da mijinta kunya. Da yamma suka mayar da kayan, Baturiya tana cewa ai ko matar gwamna ce ta zo, iyakar abin da za a yi mata ke nan.

Amsa ta zo ta bakin Mushe Issouf. Da kansa ya zo bayan la'asar, ya yi sallama ya tsaya a zaure, bai shiga ba. Hure ta ja mayafi ta fito. Ya daɗe yana gaisuwa, yana tambayar gida da maigida da zafi, alamar abin da ya kawo ba mai daɗi ba ne.

"Ba a ɗauke ta ba," ya ce a ƙarshe. "Can Yamai sun ga hotuna. Sun ce ɗiyar mai zinariya ce, gida da firigo da tale, a bar wa wanda ya fi buƙata. Ni na san da wane takalmi take zuwa lakwal, amma ba maganata anka tambaya ba, taki anka tambaya."

Hure ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Bakinta ne ya faɗa, don ya saba. Mushe ya juya zai tafi, ya sake tsayawa ya ce madam tana gari har ƙarshen mako, ba a gama rufe maganar ba tukuna. Bai ce ta je ba. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Sakina ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce wa uwarta ai na faɗa miki ba. Da ta yi ɗaya daga ciki, da Hure ta sami abin faɗa. Yarinyar ta ci gaba da shara da ɗiban ruwa da zuwa lakwal. Abu ɗaya ne ya canza. Da can, da an idar da sallar asuba take kunna cocila ta buɗe littafi kafin a hura wutar ƙosai. Yanzu sai ta idar ta zo ta zauna kusa da uwarta tana markaɗa wake. Rana ta farko Hure ta daure. Ta biyu ta kasa.

"Ke, ina karatun?"

"Ko na ci bak, Inna, da mi zan tahi Yamai? Gwaggo Baturiya ta ce in na gama za ta sa ni a shago."

Ta faɗe shi ba da fushi ba, yadda mutum zai ce gishiri ya ƙare. Wannan ne ya fi yi wa Hure ciwo. Tun yarinyar tana ƙarama take cewa likitar mata za ta zama, har 'yan unguwa suna tsokanarta da dokta. Hure ba ta taɓa yaba mata ba, ko sunanta ba ta kira, don 'yar fari ce kuma haka ta ga uwarta ta yi. "Ke" take ce mata, a gaban mutane kuma "yarinyar nan". Amma duk ranar da aka kira Sakina dokta a kan hanya, Hure takan ƙara wa mai faɗa ƙosai biyu.

A ranar ne Jibrin ya kira. Sai ya hau wani tudu yake samun layi, muryarsa tana zuwa tana yankewa, iska tana kaɗawa a bayansa. Ya ce yana lafiya, aiki yana tafiya, an kusa. Hure ta ce su ma lafiya lau, ba abin da suka rasa. Ya yi tari mai tsawo, ya ce mura ce kawai. Sannan ya tambayi zancen tallafin, don Sakina ta ba shi labari a kiran da ya wuce.

"Ana jira," in ji Hure.

"Allah ya sa ta samu. Ni kin ga..." Layin ya yanke, ko shi ya yanke, ba ta sani ba.

Ta zauna da salula a hannu. Shi yana can yana rufa mata, ita tana nan tana rufa masa, kowannensu ya san gaskiyar ɗan'uwansa, kuma a ganinta wannan shi ne mutunci, da shi ta riƙe gidan nan shekara da shekaru. Ba ta taɓa zaton akwai wanda zai cutu da shi ba. Ta ɗaga kai ta ga Sakina a bakin randa tana wanke kwanuka, littattafanta suna can bisa akwati ƙura ta fara hawa.

Washegari ba ta je wankau ba. Ta yafa mayafinta na kullum, ba na unguwa ba, ta taka da ƙafa har gidan da ƙungiyar ta kama haya. Sau biyu tana tsayawa a hanya kamar za ta koma. A farfajiyar akwai iyaye zaune a kan benci suna jira, cikinsu har da Rabi mai kitso, 'yar unguwarsu, wadda labari ba ya kwana a bakinta. Suka gaisa. Rabi ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "A'a, maman dokta, ke ma nan?" Hure ta ce ita ma nan.

Ƙofar biron, wato ofishin, a buɗe take saboda zafi, kuma bencin yana dab da ita. Ramata ta ɗago, ta gaishe ta da ladabi, amma ta shiga gidaje da yawa a makonnin nan, fuskar ba ta faɗo mata nan take ba.

"Wace yarinya ce taki, Inna?"

Hure ba ta saba kiran sunan ba. Ta ji kunya kamar an kama ta tana rawa.

"Sakina," ta ce. "Sakina Jibrin. Ɗiyata ce."

"Gidan jar darduma," in ji Ramata a hankali. Ta tashi za ta tura ƙofa.

"Bar ta," in ji Hure. "In kin ruhe, zan koma gidan jiya." Ta ja numfashi. "Dardumar ba tawa ba ce. Firigon ba nawa ba ne, talen ma haka. Dabinon da na ba ki, na maƙwabciyata ne. Kazar ce kawai tawa. Maigida ya daɗe bai aiko ba, don bai samu ba. Wankau nike yi a gidan mutane, da shi muke ci."

Hure tana jin idon Rabi a ƙeyarta.

Ramata ta koma ta zauna. "Na ga wayar firigon a ƙasa," ta ce. "Na duba bango ban ga wurin kuran ba. Shi ya sa na tambaye ki sau biyu. Amma ba ni da ikon in aika abin da uwar gida ta ƙaryata da bakinta. Uwata ma da haka za ta yi, ban ga laihinki ba." Ta ɗan yi tunani. "Ba zan yi miki alkawari ba. Sai na sake gani da idona, in aika musu, in kuma yi magana. Yaushe zan zo?"

"Yanzu," in ji Hure. "In kika ba ni rana, na san halina."

Farar motar ta sake tsayawa a ƙofar gidan da rana tsaka. Baturiya tana zaune a bakin shagonta ta hango. Ba ta tsaya tambaya ba. Kafin Hure ta gama buɗe ƙofar ɗaki, sai ga ta ta shigo da sauri, jar darduma a naɗe a kafaɗa, butar shayi a hannu, tana haki.

"Haba ƙawata, ki yi baƙuwa ba ki leƙo ba? Tsayar da ita a zaure, minti biyu ya ishe ni."

Hure ta tare bakin ƙofa. Ta sa hannu a kan dardumar, ba ta karɓa ba.

"Mai da ita, Baturiya. Yau bisa tabarmata za ta zauna."

Baturiya ta dubi Hure, ta dubi baƙuwar da ke tsaye a baya, ta gane. Idonta ya kawo ruwa. Shekaru tana taya ƙawarta riƙe abin nan, ba ta taɓa zaton za ta ga ranar da za a sauke shi ba. Ta gyara dardumar a kafaɗa ta juya.

Hure ta jawo tabarma daga bayan randa ta shimfiɗa. Gefenta ɗaya ya zare, ta saba juya shi wajen bango, yau ta bar shi yadda ya faɗo. Ɗakin ba komai sai katifa ɗaya da akwati da littattafan Sakina. Ta buɗe akwatin ta fito da cocilar mai roba ta ajiye a kai. Ta ɗebo ruwa a randa cikin kofin silba da ya lotsa, ta durƙusa ta miƙa. Tun da aka kawo ta gidan miji ba ta taɓa tarbar baƙo da ruwa zalla ba.

Ramata ta sha, sannan ta ɗauki hotuna, ba da yawa ba. Da ta mai da salular jaka, Hure ta ce tana da roƙo ɗaya.

"In za ki hwaɗa musu zancen maigida, ki ce yana nema bai samu ba tukuna. Kada ki ce ya yar da mu. Bai yar da mu ba."

"Haka zan ce," in ji Ramata. "Ki gaya wa Sakina ta zo darasi gobe da la'asar, ta zauna da sauran kahin amsa ta zo. Ni zan tsaya mata."

Hure ta raka ta har mota. Mata biyu suna tsaye a ƙofar gidan da ke kallon nasu, ga alama Rabi ta riga motar isowa. Hure ta gaishe su yadda ta saba. Hannunta ba leda, ba ta kuma ɓoye shi cikin mayafi ba.

Motar na tashi Sakina ta ɓullo daga kwana da jakar lakwal. Ta bi motar da kallo, ta shiga gida ta ga tabarma a shimfiɗe, da cocila a kan akwati, da kofi a ƙasa. Ta daɗe a tsaye.

"An ce gobe da la'asar ki je darasi," in ji Hure, tana tattara itace ba ta dube ta ba. "Ki kakkaɓe littattafan can, sun yi ƙura."

"Inna, mi kika ba ta?"

"Ruwa."

Sakina ta sunkuya ta ɗauki kofin ta leƙa ciki.

"Ta shanye," in ji Hure.